Ƙofar da Ke Tambayar Shekara

Alida Bolhuis ba ta taɓa jin tsoron ƙofar nan ba. Tun bazarar bara da aka kai mijinta Eppo sashen masu ciwon mantuwa na gidan kula da tsofaffi take shiga take fita ta cikinta, ko kallo ƙofar ba ta ishe ta ba. Daga waje abu ne mai sauƙi, ka danna jan maɓalli ta buɗe. Daga ciki ne ake da magana. An manna mata hoton kantar littattafai daga sama har ƙasa, don mazauna sashen su wuce ba su gane ƙofa ce ba. A gefe kuma ga 'yan maɓallan lamba, da rubutu ƙarami a samansu: a danna shekarar da ake ciki, daga ƙarshe zuwa farko. Dabarar masu gidan ke nan. Mai hankalinsa ya fita, wanda kansa ya juye kuwa ya tsaya yana kallon littattafan ƙarya. Alida ta daina karanta rubutun tun da daɗewa. Yatsunta sun haddace lambobin nan huɗu, su suke danna abinsu ita tana tunanin abin da za ta dafa.

Ranar da abin ya faru, ita ce zuwanta na farko bayan sabuwar shekara. Ƙanƙara ta daskare a kan tituna, 'yarta Marrit ta hana ta fita kwana da kwanaki. Marrit ɗin nan kuwa, tun da ta zo wata rana ta tarar da murhun gas a kunne babu tukunya a kai, ta sa wa uwarta ido. Sau ɗaya tak abin ya faru, amma ya ishe ta. Yau ta ce, "Mam, kin sha maganinki?" Gobe ta ce, "Mam, akwai wani likita mai gwada ƙwaƙwalwa, hira kawai za ku yi." Alida ta san inda hirar take kai mutum, ai da hirar aka fara da Eppo. Shi ya sa take taka-tsantsan a gaban 'yarta kamar mai ɗauke da ƙwai. Gidanta take so ta mutu a ciki, da tukwanenta da makullinta, kuma ta san kuskure ɗaya ya rage mata.

Ta bar jakarta da kwat ɗinta wurin mai karɓar baƙi a ƙasa, don doka ce tun da wani tsoho ya zura hannu a jakar wata baƙuwa ya haɗiye ƙwayoyin hawan jininta. Da ta shiga ɗakin Eppo sai ta tuɓe takalmanta da suka jiƙe, ta ajiye su kusa da abin ɗumama ɗaki, ta sa silifas ɗinsa na ulu. Mace ce da ba ta taka ɗakin mutum da ƙazanta, ko ɗakin mijinta ne.

Ta kawo masa ragowar fanken sabuwar shekara, mai zabibi. Ya ci, sukari ya ɓata masa haɓa, ta goge.

"Kin ga motata?" ya ce. Direban motar madara ne a da.

"Tana gareji, Eppo. An wanke ta."

"To madalla. Ke kina da kirki. A nan kike aiki?"

"Nan nake aiki," in ji ta. Ta daina gardama a kan wannan. Ma'aikatan ne suka koya mata: kada ki musa, ki bi shi inda ya tafi, musu ba ya ƙara musu komai sai firgici.

Da duhu ya fara sauka, don a wannan lokacin rana ba ta kai la'asar sosai, sai ta ce bari ta sauka ta karɓi jakarta kafin mai karɓar baƙi ta tashi, sannan ta dawo ta sa takalma ta yi masa sallama. Ta bi baranda da silifas, da shuɗiyar suwaitarta, hannu babu komai. Ta tsaya gaban kantar littattafan, yatsunta suka danna.

Jan haske ya kawo. Ƙofa ko motsi.

Ta yi tsaki ta sake dannawa, a hankali. Ja. To fa! Ta goge yatsanta a suwaita, wai ko maiƙon fanke ne, ta danna na uku da ƙarfi. Sai na'urar ta yi wani ɗan kuka, aka ji ƙararrawa tana amsawa can a ɗakin ma'aikata.

Shekara ta canza, yatsun ne ba wanda ya gaya musu. Abin da ya faru ke nan, ba wani abu ba, kuma da an bar ta ta numfasa ta ɗaga kai ta karanta rubutun, da ta yi wa kanta dariya ta wuce. Amma kafin ta ɗaga kai sai ta ji hannu mai ɗumi a kafaɗarta.

"Ina za mu, Mevrouw?" Da wannan kalmar ake girmama mace a yaren ƙasar, namiji kuwa a ce masa Meneer.

Wata mace ce ƙaƙƙarfa, za ta yi hamsin, da farar rigar aiki da suna a ƙirji: Jolanda. Alida ba ta taɓa ganin ta ba.

"Yawwa, sannu. Ƙofar ce ta ƙi. Ki buɗe mini, zan sauka in karɓi jakata."

"Jakarki tana nan lafiya," in ji Jolanda, da wata murya mai laushi kamar man shanu. "Babu wanda zai taɓa ta. Zo mu je falo, yanzu za a kawo kofi."

"Na sha kofi. Gida zan tafi. Ina Trijnie, wadda ta saba aiki a nan?"

"Trijnie tana fama da mura, Mevrouw Smeding. Yau ni ce tare da ku."

"Wace Smeding? Ni Bolhuis ce. Baƙuwa ce ni, mijina na zo gani, ɗaki na uku a hagu."

"Haka ne," in ji Jolanda, tana gyaɗa kai. "Kin zo ganin mijinki. Ai kin kyauta."

Alida ta san muryar nan. Da ita ta yi wa Eppo maganar gareji ɗazu.

Kada a ce Jolanda muguwa ce, ko sakarya. Aro ta aka yi daga wani kamfani da rana tsaka, don mura ta kwantar da rabin ma'aikatan gidan. Wadda ta miƙa mata aiki tana tari tana sa kwat take bayani, na'urar da ake duba hotunan mazauna kuwa ba a buɗe wa 'yan aro ba tukuna. Abin da kawai aka jaddada mata shi ne akwai sabuwar tsohuwa, Mevrouw Smeding, gajeruwa mai farin gashi da shuɗiyar suwaita, wadda za ta rantse da kowa da komai cewa ita baƙuwa ce, kuma tana da baki, za ta iya shawo kan alƙali. A kaka wani ya buɗe wa wani tsoho irinta ƙofa, aka tsinci tsohon a bakin magudanar ruwa da safe, masu bincike suka zo suka juya gidan. Saboda haka ko sama za ta faɗo, kada ta buɗe. To ga tsohuwa gajeruwa, farin gashi, shuɗiyar suwaita, silifas ɗin maza a ƙafa, ta danna lamba sau uku ta kasa. In kai ne me za ka ce?

"Ki saurare ni da kyau," in ji Alida, tana ƙoƙarin saisaita muryarta. Ta san cewa in ta ɗaga murya ta gama yawo. "Ba nan nake zaune ba. Ina da gida. Bas ɗina na tashi nan da ɗan lokaci."

"Bas ɗin ya yi latti yau, saboda ƙanƙara. In ya zo ni da kaina zan gaya miki."

"Ki kira ƙasa. Mai karɓar baƙi ta san ni, jakata na wurinta."

"Zan kira, bari mu fara zama."

Ba za ta kira ba. Alida ta sha jin Trijnie tana cewa "zan kira" ga mutanen da suke neman uwayensu da suka mutu tun kafin a haifi Trijnie ɗin. Hannun ya sauko daga kafaɗa zuwa gwiwar hannunta, ba riƙo mai zafi ba, amma riƙon wadda ta iya aikinta. Ƙafafun Alida suka bi, don ba su san abin da za su yi ba.

A falo an zaunar da mutane kewaye da dogon tebur. Wani yana ta ninke tsumma yana warwarewa. Wata tana rungume da 'yar tsana. Alida ta san su duka da sunayensu, ta sha raba musu biskit, amma yau da aka ja mata kujera a tsakaninsu sai ta ga ba wanda ya ɗaga ido ya yi mamaki. Ta dace da wurin. Wannan ya fi komai tayar mata da hankali.

Tana zaune tana kallon kalandar bango, irin babbar nan da ake sauya wa kati kullum don mazauna su san ranar, sai idonta ya sauka a kan shekarar. Kai! Ta miƙe zumbur har kujera ta yi ƙara.

"Na gane! Jolanda, na gane! Shekara ce ta canza. Ta bara na danna."

Jolanda ta juyo da butar kofi, fuskarta cike da tausayi. "Ba komai, Mevrouw. Da yawa a nan kowa da shekarar da yake ciki."

"Ba haka nake nufi ba! Ki bar ni in sake dannawa ki gani."

Ba ta jira izini ba, ta nufi baranda, silifas na neman kayar da ita. Ta tsaya gaban maɓallan. Ta san shekarar, ga ta nan a kanta ƙarara. Saura ta juya ta. Ta ƙarshe ita ce ta farko, sai ta kusa da ita. Amma ga takun Jolanda na matsowa, lambobin suka riƙa zamewa suna hawa kan juna. Ta danna biyu, ta ga kamar ta yi kuskure, ta nemi inda ake gogewa ba ta gani ba, ta ƙarasa da ka. Ja.

Ta tsaya tana kallon jan hasken. A nan ne tsoron gaske ya shigo, wanda ya fi na ƙofa. Lamba huɗu! Ita da ta yi shekaru tana auna yadi a kanti ba ta taɓa neman fensir ba. Ko dai Marrit ta ga abin da ita ba ta gani ba? Ko haka yake farawa, mutum yana ji a ransa shi lafiyarsa ƙalau, kowa ne ya ruɗe? Eppo ma ai haka ya riƙa cewa.

"Zo," in ji Jolanda a hankali. "Kin gaji."

"Mu je wurin mijina," in ji Alida. "Takalmana suna ɗakinsa. Ki tambaye shi."

Jolanda ta yarda, don an koya mata a bi mutum inda ya nufa muddin ba ƙofa ba ce. Suka tarar da Eppo ya fito da kansa yana tsaye a bakin ɗaki, yana lalube aljihu. Takalman kuwa babu su kusa da abin ɗumama ɗakin. A sashen nan kaya yawo suke yi, wani ya shigo ya ɗauka ya kai inda ransa ya ba shi, sai bayan mako a tsince su a kwandon wanki. Alida ta san haka sarai, amma sai da ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin gado, tana jin idon Jolanda a bayanta.

Ta miƙe ta kama hannun mijinta. "Eppo, dube ni. Gaya mata ko ni wace ce."

Ya dube ta da kyau, da ladabi, kamar yadda yake duban baƙi.

"Meneer Bolhuis," in ji Jolanda, "ka san wannan?"

"Na santa mana. A nan take."

"Eppo! Alida ce. Matarka!"

Ya yi dariya, irin ta mutumin da aka yi wa wasa mai daɗi. "Haba dai. Matata jan gashi gare ta har gadon baya. Tana gida da jaririya." Ya sunkuyo wajen Jolanda ya rage murya. "Wannan baiwar Allah kullum sai ta shigo mini ɗaki. Ba ta da laifi, ki bar ta."

Watanni ke nan bai gane ta ba, ta saba, ta yi kukanta ta gama tun tuni. Amma yau maganar ta soke ta sabuwa fil. Ta saki hannunsa.

Aka koma falo. Aka kawo abincin yamma da wuri kamar kullum, dankalin da aka kirɓa da ganye da yankan tsiran alade, aka ɗaura wa kowa ƙyallen wuya. Jolanda ta zo da na Alida, ta ƙi. Ta waiga tagar falon, wadda ba ta buɗuwa sai faɗin tafin hannu, ta hango fitilar wurin ajiye motoci da wata mace tana tura keke a hankali kan ƙanƙara. Mai karɓar baƙi ce. Ta tashi aiki. Alida ta ƙwanƙwasa gilashin da ƙarfi, ta ɗaga hannu, ta kira sunanta. Matar ta ɗago kai, ta hango tsohuwa a tagar sashen baya tana ɗaga hannu, ta ɗaga mata ita ma cikin fara'a, ta wuce.

Daga nan sai Jolanda ta turo 'yar keken magani. Kowa da ledarsa a liƙe da sunansa. Ta yaga ɗaya, ta zuba ƙwayoyi biyu a cokali, ta lulluɓe su da markaɗen tuffa, ta durƙusa gaban Alida.

"Ga naki, Mevrouw Smeding. Zai sa ki ji sanyi a ranki."

"Ba nawa ba ne."

"Cokali ɗaya kawai."

"Ina shan maganin tsinka jini. Ban san mene ne wannan ba. In kika ba ni, kina iya kashe ni."

"Babu mai kashe ki a nan. Kowa son ki yake yi."

Cokalin ya matso. Alida ta damƙe bakinta, ta kau da kai, ta sa hannu ta ture. Tuffar ta zube mata a suwaita. Ta ji kanta tana wani irin gurnani ta hanci, ta ga yadda take: tsohuwa da abinci a ƙirji, baki a damƙe, tana ture hannun mai jinya. Sau nawa ta ga haka a teburin nan ta ce a ranta, Allah sarki? Hawaye suka zubo, ba ta iya buɗe baki ta yi kukan ba don tsoron cokali.

Jolanda ta ja da baya, don doka ta hana a tilasta. "To, mu bari sai an jima. Akwai wanda kike so in kira miki? Ɗa ko 'ya?"

Akwai Marrit. Kalma ɗaya, a zo a fitar da ita. Amma Marrit za ta ji cewa uwarta ta tsaya gaban ƙofar da aka yi don tace masu mantuwa ta kasa wucewa. Alida ta haɗiye sunan. Gara ta kwana a kujerar nan da safe wani da ya san ta ya zo. Sai kuma ta tuna da cokali, da cewa "sai an jima" yana nan tafe, da gadon wata mata da za a kai ta a tuɓe mata kaya. Ta rasa wanne ya fi muni.

Ana cikin haka sai ga wata ta fito daga ɗakin wani tsoho a ƙarshen baranda, inda ta shige ta yi barcinta tun da rana ba wanda ya sani. Gajeruwa ce, farin gashi, shuɗiyar suwaita. A ƙafarta kuwa takalman Alida ne, ta ɗaure igiyarsu tsaf. Ta zo ta tsaya a tsakiyar falo, ta gyara wuyan rigarta, ta dubi Jolanda kamar mai duban yaron kanti.

"'Yan mata, a buɗe mini ƙofa. Ni baƙuwa ce, na zo duba wani ne, yanzu zan tafi gida."

Jolanda ta dubi mai takalma. Ta dubi mai silifas da tuffa a ƙirji. Ta dubi cokalin da ke hannunta.

"Wayyo ni," ta ce. "Wace ce Mevrouw Smeding a cikinku?"

"Ba ni ba," in ji Alida.

"Ni dai sunana ke nan," in ji ɗayar, "amma ba nan nake zaune ba. Wannan matar ce take nan, dube ta mana."

Alida ta yi zaton shi ke nan, an gama. Ina! Yanzu Jolanda ce tsoro ya kama, kuma mai tsoro ba ya buɗe ƙofa. A sashen nan mutane suna amsa sunan da ba nasu ba, suna sa kayan da ba nasu ba. Ta riga ta yi kuskure ɗaya, ba za ta yi na biyu ta saki wadda za a tsinta a magudana ba. Ta kira babbar nas, aka ce tana ɗaya ginin wani ya faɗi, sai ta gama. Sai ta tuna cewa a cikin murfin kabad ɗin kowane mazauni akwai lambar danginsa.

"Kin ce ke matar Meneer Bolhuis ce. Zan kira 'yarsa."

Alida ta riƙo rigar Jolanda da hannu biyu. "Don Allah kada ki kira ta. Mu jira nas ɗin. Zan zauna shiru, ba zan ƙara taɓa ƙofa ba."

"Mevrouw, na kusa ba ki maganin wata. Dole iyali su sani, haka dokar take. In na ɓoye, aikina ya tafi."

"Ni kuma gidana zai tafi."

Jolanda ba ta fahimta ba. Ta zare rigarta daga hannun Alida a hankali ta nufi ɗakin Eppo.

Marrit ta iso da dusar ƙanƙara a gashinta, ta danna jan maɓalli ta shigo kamar iska. Ta ga uwarta a kujera tsakanin mai 'yar tsana da mai tsumma, ta ce, "Mam!" da wata murya da Alida rabon ta da ji tun Marrit tana ƙarama. Sannan ta juya kan Jolanda. Kai, ta wanke ta tas. Wane irin gida ne wannan? Ana ba mutum magani ba a duba fuskarsa ba? Gobe da safe sai shugaban gidan ya ji, har masu bincike sai sun ji. Alida ta ji daɗin faɗan nan har cikin ƙashinta. Ta ce a ranta, ci gaba 'yata, kada ki tsaya, kada ki tambayi komai.

Jolanda tana kuka tana ba da haƙuri. "Laifina ne, na yarda. Amma ki duba, babu jaka, babu takalmi. Kuma a gaban ƙofa na same ta, ta danna lambar sau uku ta kasa. Daga baya ta ce ta gane, ta sake gwadawa, ta sake kasawa. Ni kuma sai na ɗauka..."

Marrit ta daina faɗan. Ba ta dubi uwarta ba, kuma rashin duban ya fi duban ciwo.

"Shekarar ce ta canza," in ji Alida da sauri. "Yatsuna sun saba da ta bara. Kowa zai iya yi."

"Haka ne, Mam. Kowa zai iya."

Aka lallashi Mevrouw Smeding aka karɓo takalman, da ɗuminta a ciki. A bakin ƙofa Marrit ta ɗan ja da baya, kamar tana gyara gyalenta, ta bar maɓallan a buɗe gaban uwarta. Alida ta gane gwaji ne. Ta san shekarar, ta san yadda ake juya ta, a hanya daga falo ta maimaita lambobin a ranta har sun zauna. Amma in hannun ya sake cin amanarta, a gaban Marrit? Ta sa hannuwanta cikin hammata kamar mai jin sanyi.

"Danna mana, Marrit. Ban ɗauko tabarauna ba."

Tabaraun yana rataye a wuyanta. Marrit ta danna, ƙofar ta buɗe.

Mai gadi ya buɗe musu ofishin ƙasa suka ɗauki jaka da kwat. A mota Alida ta yi ta magana, ba ta iya tsayawa ba. Ta ba da labarin takalman, ta kwaikwayi Mevrouw Smeding, ta yi dariya da ƙarfi don a ga abin dariya ne. Ta faɗi ranar da ake ciki, da sunan titin da suke bi, da abin da ta ci da safe, duk a cikin hira kamar ba da gangan ba. Marrit tana tuƙi a hankali saboda santsi, tana cewa "uhm", tana cewa "ai kam". Sau ɗaya ta miƙo hannu ta shafa gwiwar uwarta.

Da suka isa, Alida ta riga ta sauka. Ta hau matakalar gidanta, ta ciro makulli daga jaka. Fitilar ƙofa ta mutu tun kafin Kirsimeti, ga kuma sanyi. Makullin ya goga a gefen rami, ya zame. Ta sake, ya zame.

"Kawo, Mam."

Marrit ta karɓa, ta buɗe, ta kunna fitila, ta riƙe mata ƙofa ta shiga. Ɗumin gidan ya tarbe ta, da ƙanshin kofin safe, komai yana inda ta bar shi. Ta juyo don ta karɓi makullinta ta rataye a ƙusarsa, sai ta ga Marrit ta zura shi a aljihun kwat ɗinta ta ja zif.

"Yau a nan zan kwana," in ji Marrit. "Zauna ki huta, in ɗora miki shayi. Ni zan kunna gas ɗin."

Alida ta buɗe baki za ta ce a ba ta makullinta, gidanta ne. Ta ji yadda maganar za ta fito, da yadda za a amsa mata. Sai ta rufe bakin, ta je ta zauna a kujerar da aka nuna mata.